Yadda Idon Likita Ya Kai Ƙaramin Hanji: Tarihin Na'urar Leƙa Ciki

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibitin Kalgo, ko a asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, zai iya tuna irin majinyacin da jininsa ke ƙarewa ba tare da an ga ta inda yake fita ba. A ƙara masa jini leda biyu, ya warware ya koma gonarsa ta shinkafa, bayan wata uku ko huɗu a sake kawo shi tafin hannunsa fari fat, yana haki idan ya yi taku goma. An ba shi maganin tsutsa, an ba shi na olsa, a gida kuma an jiƙa masa sassaƙen basir iri-iri. Mafi yawan masu irin wannan hali ana gano musababbin ciwonsu a kusa: tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa, ko gyambon ciki, ko basir na gaskiya, ko rashin abinci mai gina jini. Amma akwai 'yan kaɗan da za a duba sama a duba ƙasa ba a ga komai ba, saboda ciwon yana ɓoye a tsakiya, cikin ƙaramin hanji. Tun daga ranar da aka ƙera na'urar leƙa ciki ta farko, sai da likitocin duniya suka yi kusan shekara 200 kafin idonsu ya kai wannan wuri ba tare da sun tsaga ciki ba.

Matan da ke gyaran kayan ciki ranar Layya sun san siffar ƙaramin hanji fiye da ɗalibai da yawa. Dogo ne, siriri, mai santsi, a naɗe kamar igiyar guga da aka tara wuri ɗaya. Na ɗan Adam yakan kai mita 6 ko kusa da haka. Yana farawa daga ƙofar tumbi, ya ƙare a inda babban hanji ya soma, can ƙasan ciki ta hannun dama. Sashensa na farko gajere ne, bai fi santimita 25 ba, nan ne ruwan maɗaciya ke haɗuwa da abinci. Sauran duk lanƙwasa ne a kan lanƙwasa, kuma ba a ɗaure yake a wuri guda ba, lilo yake yi a jikin wani tantani. A cikinsa jiki ke tsotse amfanin abin da muka ci. Abin mamaki shi ne, duk da ya ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na tsawon hanyar abinci, ƙarin da ke fitowa a cikinsa bai kai 5 cikin 100 na sankarar hanyar abinci ba. Wannan ƙarancin alheri ne ga jama'a, amma ga wanda abin ya faɗa wa, shi ne ke sa a daɗe ba a yi zarginsa ba.

Malaman ƙasarmu ba su yi sakaci da ciwon ciki ba. Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu, ya yi rubutu a kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar littattafan magani da dama, har da wanda ya keɓe ga ciwon basir kaɗai. Abin da suke da shi na bincike shi ne abin da kowane likita a duniya yake da shi a zamaninsu: tambayar mara lafiya, duban idonsa da harshensa, taɓa cikinsa, da lura da abin da yake fitarwa. Likitan Landan na wancan lokaci bai fi su ganin cikin hanji ba ko da taƙi ɗaya.

A 1806, lokacin da jama'ar Shehu ke zaune a Gwandu, shekara biyu kafin faɗuwar Alƙalawa, wani likita a birnin Frankfurt na Jamus mai suna Philipp Bozzini ya bayyana wata na'ura da ya ƙera: kyandir a cikin akwatin ƙarfe, da madubi mai mayar da haske cikin bututu. Da ita ake leƙa dubura da mafitsara da maƙogwaro. Manyan likitocin Biyana suka yi watsi da ita, shi kuma ya mutu a 1809 bai ga amfaninta ya yaɗu ba. Sai a 1853 wani Bafaranshe, Antonin Desormeaux, ya gyara dabarar da fitila mai cin barasa da man tafentin, kuma shi ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi har yau, endoskof, wato abin duba ciki. Fitilarsa tana da zafi, har takan ƙona majinyaci.

Matsalar tumbi kuwa ita ce hanya. Daga baki zuwa tumbi akwai kwana, bututun ƙarfe kuma ba ya lanƙwasa. A 1868 Adolf Kussmaul na birnin Freiburg ya nemo amsar a inda ba a zata ba, wurin wani mai wasan haɗiye takobi. Ya lura da yadda mutumin ke ɗaga kai har bakinsa da maƙoshinsa su miƙe su zama layi ɗaya, sai ya sa aka ƙera masa bututu mai tsawon santimita 47 da kaurin milimita 13, mai wasan ya haɗiye shi a gaban likitoci. Bututu ya shiga lafiya lau. Da Kussmaul ya kanga ido, abin da ya gani bai taka kara ya karya ba, domin hasken fitila ba ya kaiwa ƙasan rijiyar, ga kuma ruwan ciki yana rufe gani. Duk da haka ya tabbatar da cewa hanyar tana biyuwa. Bayan an samu wutar lantarki, Johann von Mikulicz ya yi nasa bututun a 1881 a Biyana, ya fara ganin bangon tumbi sosai. A 1932 Rudolf Schindler na Munich, tare da wani maƙerin kayan gani mai suna Georg Wolf, suka fitar da wanda rabinsa na ƙasa ke ɗan lanƙwasa, an jera ƙananan gilasai a cikinsa. Matarsa Gabriele ce ke riƙe kan majinyaci tana lallashinsa har a gama. 'Yan Nazi sun kulle Schindler a 1934, da ya fito ya yi hijira zuwa Chicago, ya koyar da likitocin Amurka wannan aiki. Shekara 25 na'urarsa ce ake ji da ita, amma iyakarta tumbi.

A tsawon wannan lokaci, abin da ake da shi na duba ƙaramin hanji shi ne hoton ƙashi, wanda Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a 1895. Akan ba majinyaci wani farin kunu mai kauri na sinadarin bariyam ya sha, a riƙa ɗaukar hoto yana gangarawa. Inuwar hanji kawai ake gani, kuma naɗin hanjin yana hawa kan juna a hoton, don haka ƙaramin ƙari yakan ɓace ɓat. Galibi sai ƙarin ya girma ya toshe hanya, an tsaga cikin mutum da gaggawa, sannan a san abin da ya shekara yana cinsa.

Juyin da ya canza komai daga zaren gilashi ya zo. A 1954 Harold Hopkins da ɗalibinsa Narinder Kapany, a Landan, suka nuna cewa idan aka ɗaure dubban siraran zaruruwan gilashi wuri ɗaya a jere, hoto zai bi ta cikinsu ko da an lanƙwasa dam ɗin. Wani matashin likita ɗan Afirka ta Kudu, Basil Hirschowitz, wanda ya yi karatu a Johannesburg kuma yake aiki a Jami'ar Michigan, ya karanta wannan rahoto ya ga abin da zai yi wa masu ciwon ciki. Wahalar ita ce haske yana tsiyayewa daga zare zuwa zare, hoto ya dushe. Ɗalibin digirin farko ne, Larry Curtiss, ya warware ta a ƙarshen 1956, da ya lulluɓe kowane zare da wani gilashin daban mai tsare haske. A watan Fabrairu 1957 Hirschowitz ya gwada na'urar a kan kansa, ya haɗiye ta, bayan 'yan kwanaki ya duba majinyaciya ta farko da ita. A shekarar ce aka buɗe asibitin koyarwa na Ibadan, na farko irinsa a Nijeriya.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Kamfanonin Japan, musamman Olympus da ya fara da wata 'yar kamarar tumbi tun 1950, suka ƙara wa na'urar kan da ake juyawa da hannu, da kafar zura ɗan hantsaki a tsinko nama don gwaji. A ƙarshen shekarun 1960 aka iya bin babban hanji ta dubura har ƙarshensa. A 1983 aka sa ƙaramar kamara a bakin bututun, hoto ya koma kan allon talabijin. Wannan na'ura ce ta iso asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato, ita ce mutanenmu ke nufi idan sun ce an zura wa wane tiyo ta baki.

To amma a lura da iyakarta. Wadda ake zurawa ta baki tana ganin maƙoshi, da tumbi, da farkon ƙaramin hanji. Wadda ake zurawa ta ƙasa tana ganin babban hanji, in an yi sa'a ta leƙa 'yan santimitoci na wutsiyar ƙaramin. Mita biyar ko fiye da ke tsakani suna nan cikin duhu. Idan aka ce a tura dogon bututu da ƙarfi, hanjin ba ya tsayawa a shige shi, miƙewa yake yi yana bin bututun, majinyaci ya sha azaba, na'ura kuma da ƙyar ta ci mita ɗaya.

Dabarun da aka gwada a shekarun 1970, yawanci a Japan, suna nuna irin matsuwar da likitoci suka shiga. A ɗaya, majinyaci zai haɗiye dogon zare, a jira kwana ɗaya ko fiye har bakinsa ya fito ta dubura, sannan a ɗaura na'ura a ja ta cikin hanjin. Zafinsa ya sa aka bar shi. A wata kuma, siririn bututu ake zurawa ta hanci, mai 'yar balan-balan a baki, a bar motsin hanji ya yi ta jansa sa'a shida ko fiye, likita ya duba abin da ya samu gani yayin da yake zaro shi. Ba ya juyuwa, ba ya tsinko nama. Hanya mafi tabbas ita ce a tsaga ciki, likitan tiyata ya riƙa tura hanji da hannunsa a kan na'urar yayin da abokin aikinsa ke kallon allo. Har gobe ana yin wannan idan babu wata mafita, kuma a ƙasarmu yana cikin abin da ya fi samuwa.

Mafita ta farko ba daga asibiti ta fito ba. Gavriel Iddan injiniya ne a hukumar ƙera makamai ta Isra'ila, aikinsa shi ne idon da ke jagorar makami mai linzami zuwa inda aka harba shi. A 1981, yana zaune a Boston, ya yi maƙwabtaka da wani likitan ciki, Eitan Scapa, wanda ya ba shi labarin wannan yanki da ba a iya gani. Tunanin ya zauna masa shekaru, har kamarori suka ƙanƙance, suka rage cin batir. A can Landan kuma wani likita, Paul Swain, yana bin irin wannan sawu da tawagarsa. Suka haɗa ƙarfi, kuma a 1999 Swain ya haɗiye ƙwayar farko da bakinsa, kamar yadda Hirschowitz ya yi shekara 42 kafin nan. Aka buga sakamakon a mujallar Nature a 2000, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2001. Ban san wani abin kirki da ya fito daga masana'antar makamai da ya kai wannan daɗin ji ba, in ka cire wanda aka daina ƙerawa.

Ƙwayar kamar babban kafso take, tsawonta milimita 26, kaurinta 11. A cikinta akwai kamara da fitilu da batir da na'urar aika saƙo. Mutum zai kwana bai ci ba, da safe ya haɗiye ta da ruwa, a ɗaura masa wani ɗan akwati a ƙugu mai karɓar hotuna. Ta farkon tana ɗaukar hoto biyu a kowace daƙiƙa har sa'a takwas, wato sama da hoto 50,000, likita ya zauna ya kalle su kamar fim. Ba allurar barci, ba zafi, mutum na iya tafiya harkarsa. Daga baya ta fita tare da bayan gida, ba a sake amfani da ita.

Da ta bazu, sai aka gane cewa ƙarin ƙaramin hanji ya fi yadda ake zato yawa, ganinsa ne ba a yi. Cikin masu zubar jini ta hanyar abinci, kimanin 5 zuwa 10 cikin 100 daga ƙaramin hanji jinin ke fita. Ga tsofaffi, sau da yawa wasu ƙananan jijiyoyi ne masu rauni a bangon hanji. Ga waɗanda ba su kai shekara 40 ba kuwa, ƙari yana cikin abubuwan da likita zai fara kawowa a ransa. Akwai kuma gyambon da magungunan ciwon jiki ke haifarwa, irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda manomi ke saya a kemis ya sha kullum bayan ya taso daga fadama. Wanda ke shan su ya faɗa wa likita tun kafin a tambaye shi.

Ƙwayar tana da nata aibin, kuma ya kamata iyali su san shi kafin su kashe kuɗinsu. Gani kawai take yi. Ba ta tsayawa inda aka so, ba ta komawa baya, ba ta tsinko nama. A farkon hanji, inda take wucewa da gudu, takan tsallake ƙari guda ba ta ɗauke shi ba, musamman wanda ke ƙarƙashin fatar hanji. Idan kuma akwai inda hanjin ya tsuke, tana iya maƙalewa, abin da ke faruwa ga mutum 1 ko 2 cikin 100, har sai an ciro ta da na'ura ko da tiyata. Shi ya sa ba a ba wanda ke da alamar toshewar hanji, kuma ba a shiga na'urar hoton MRI sai an tabbata ta fita.

Hannun da zai kai inda ƙwayar ta gani, daga Japan ya zo, a shekarar 2001 ɗin dai. Hironori Yamamoto likita ne a makarantar likitanci ta Jichi, wadda aka kafa musamman don horar da likitocin da za su yi aiki a ƙauyuka da tsibirai masu nisa. Ya lura cewa kuskuren na baya shi ne turawa kawai. Sai ya sa na'ura mai tsawon mita 2 a cikin wani bututu mai laushi, kowannensu da balan-balan a baki. Duk wadda ta taɓa zura zariya a ƙugun wando ta san dabarar: ki tura, ki kama, ki tattaro yadin baya, ki sake turawa. Haka ake yi. A tura na'ura gaba, a hura balan-balan ɗinta ta kama bangon hanji, a matso da bututun, a hura tasa, sannan a ja su baya tare, hanjin ya tattaru a bayansu kamar yadi. A saki ta gaba, a sake turawa. Da haka gajeren bututu ke cinye dogon hanji. Idan ba a kai ƙarshe ta baki ba, sai a ɗiga tawada a inda aka tsaya, wata rana a biyo ta ƙasa har a tarar da alamar. Kamfanin Fujinon ya fara sayar da ita a 2003, Olympus ya fitar da mai balan-balan ɗaya a 2007. Aikin yana ɗaukar sa'a ɗaya ko biyu, ana yinsa da allurar barci, kuma yana da haɗarinsa, ko da yake ba kasafai ba: hujewar hanji, ko zubar jini. Ribarsa ita ce likita na iya tsinko nama, ya ƙone jijiyar da ke zubar da jini, ya yanke tsiro, ko ya yi wa likitan tiyata alamar daidai inda zai yanka.

Tsinko naman nan shi ne zuciyar al'amarin, domin kalmar ƙari ta ƙunshi cututtuka da ba su da haɗi sai wurin zama. Akwai masu lafiya da ba sa yaɗuwa. Cikin masu cutarwa, huɗu ne suka fi yawa. Adenokasinoma daga fatar cikin hanji take tasowa, ta fi son sashen farko, maganinta na asali tiyata ne. Akwai wadda Siegfried Oberndorfer ya siffanta a 1907 ya kira ta kasinoyid, yana zaton ba ta da illa, daga baya shi da kansa ya yarda tana yaɗuwa. Ƙanana ce, mai jinkirin girma, ta fi zama a wutsiyar hanji, idan ta kai hanta takan kawo gudawa da jin zafi na taso wa fuska. Limfoma kuwa, 'yar uwar sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a yaran Uganda a 1958, sau da yawa allurai ne maganinta. Ta huɗu ana kiranta GIST, daga tsokar bangon hanji take fitowa, kuma ita ce gwanar zubar da jini a ɓoye. A 1998 Seiichi Hirota da abokansa a Japan suka gano lalacewar ƙwayar halittar da ke haddasa ta, a 2002 aka amince da maganin haɗiya mai suna imatinib, wanda aka fi sani da Glivec, don danne ta. Tun farkon shekarun 2000 asibitin koyarwa na Ile-Ife ya zama cibiyar da majinyatan Nijeriya ke karɓar wannan magani ta hanyar shirin tallafi.

A ƙasarmu akwai ƙarin dalili. Tarin fuka yana kama hanji, kuma wurin da ya fi so shi ne mahaɗar ƙarami da babba. Yana kawo rama, da zazzaɓin dare, da ƙullutu a ƙasan ciki ta dama, har ya tsuke hanya, kamanninsa ɗaya da sankara a hoto. Madubin likita ne ke raba gardama. Iyali da yawa sun shiga ɗakin likita da fargabar daji, suka fito da takardar karɓar maganin tarin fuka, wanda kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati kuma yana warkarwa idan an sha shi har ƙarshe. Akasin haka ma yana faruwa: a ɗora mutum a kan maganin tarin fuka bisa zato, ya yi watanni bai samu sauƙi ba. Wanda ya ga haka ya koma wurin likita, kada ya jira watannin su cika.

Akwai wani ciwo na gado da ya cancanci a ambata saboda iyalai. Likita Jan Peutz na Holand ya bayyana shi a 1921, Harold Jeghers na Amurka ya ƙara bayani a 1949, aka haɗa sunayensu aka raɗa masa. Alamarsa ɗige-ɗigen baƙi a leɓe da cikin kumatu tun ana yaro, da tsiro masu yawa a ƙaramin hanji. A fatarmu ɗigon leɓe ba ya fitowa sosai, na cikin baki ya fi nunawa. Tsiron yakan ja hanji ya shige cikin kansa, yaro ya kama murɗawar ciki da amai. A da, irin waɗannan yara tiyata bayan tiyata ake musu, kowane karo a rage musu hanji. Na'urar Yamamoto ta sa ana iya tsinke tsiron kafin ya yi ɓarna. Kowane ɗan mai wannan ciwo yana da rabin yiwuwar gadonsa, don haka idan an same shi ga mutum ɗaya, 'yan uwansa na jini su ma a duba su.

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ta yi suna a maganar yaƙi da sankara a 'yan shekarun nan, musamman ta aikin Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid. Yawancin wayar da kan ya tafi ga sankarar mama da ta bakin mahaifa, kuma daidai ne, su suka fi kashe matanmu. Na hanji bai samu irin wannan murya ba. Gaskiyar da ke ƙasa kuma ita ce ƙwayar kamara da na'ura mai balan-balan tsiraru ne a Nijeriya, yawancinsu a manyan birane, da tsada. Mutumin Kalgo ko Gwandu zai fara ne daga asibitin kusa, a tura shi asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a raina. Gwajin jini da na bayan gida, da leƙawa ta baki da ta ƙasa, su ke gano mafi yawan masu zubar jini. Idan ba su nuna komai ba, hoton CT da ake yi bayan an shayar da mutum ruwa mai yawa don hanji ya buɗe yana kama ƙari da dama, har da waɗanda ƙwayar kamara ke tsallakewa.

Abin da ke hannun iyali shi ne lura da ajiye takardu. Bayan gida baƙi ƙirin, mai danƙo da wari kamar kwalta, jini ne da ya narke daga sama, ba basir ba ne, basir jan jini yake zubarwa. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ta sa shi danƙo, kuma likita zai so a dakatar da ita 'yan kwanaki kafin a leƙa hanji. Namiji baligi, ko macen da ta daina al'ada, idan jininsu ya yi ƙasa kuma ya sake yin ƙasa bayan magani, ya kamata a tambayi likita kai tsaye: ta ina jinin yake fita? A rubuta adadin PCV na kowane zuwa da kwanan watansa a littafi ɗaya, da yawan ledar jinin da aka ƙara, domin likitan Sakkwato bai ga abin da na Kalgo ya gani ba. Murɗawar ciki da ke zuwa bayan cin abinci tana tafiya, tare da rama, ita ma abin kai wa asibiti ce. Idan kuwa ciki ya kumbura, ana amai kore, ba bayan gida ba tusa, to hanji ya toshe, kada a ba da filasko ko wani maganin wankin ciki, kada a jira gari ya waye.

Idan an yi tiyata ko an tsinko nama, a tabbata an kai shi ɗakin gwaji cikin ruwan da ke hana shi lalacewa, a karɓi lambar shaida, a tambayi ranar dawowa. Sakamakon yakan ɗauki mako biyu ko fiye, wani lokaci a nemi ƙarin gwaji na musamman don tabbatar da GIST ko limfoma. Majinyata da dama sukan ji sauƙi bayan tiyata su koma gida ba su waiwayi takardar ba, alhali ita ce za ta nuna ko aiki ya ƙare, ko akwai allurai ko ƙwayoyin da za a fara. A ɗauki hotonta da waya, a ajiye ta asali tare da littafin PCV, a tafi da su duk asibitin da za a je.